Kwalbar turare ta ƙi ɗaukuwa, bidiyon kuma sai ƙyafta ido yake, a ina nake kuskure?

Sabon_Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kyamara, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema don kaina ya ɗau zafi wallahi. Na kusa shekara biyu ina ɗaukar hoton mutane kuma alhamdulillah ba a cika kuka da aikina ba, toh yanzu ne karo na farko da aka ba ni aikin talla, kwalaben turare ne guda shida, gilashin fari ne tas ana ganin ruwan ciki, murfinsu kuma ƙarfe ne mai sheƙi ruwan zinare, sannan mai kayan yana so a haɗa masa da ɗan bidiyo na sakan 30 wata tana riƙe da kwalbar tana fesawa.

Abin da nake da shi: ƙananan fitilun LED guda biyu masu faɗin littafi, filash ɗaya, lemar watsa haske ɗaya, da farar takarda da na shimfiɗa a bango. Kwana uku kenan ina fama. Duk hoton da na ɗauka sai ka ga fararen ɗigo biyu a jikin kwalbar kamar idon mage da daddare, a murfin kuma ga ni nan tsaye da kyamarata har da labulen ɗakin, gefen kwalbar kuwa ya ɓace gaba ɗaya a cikin farin bangon. Na ƙara haske abin ya ƙara lalacewa, na rage hoton ya mutu. Bidiyon kuma wasu layuka ne masu duhu suke yawo daga sama zuwa ƙasa, fuskar yarinyar rabi ja rabi shuɗi, goshinta sai maiƙo yake. Shin kayan aikina ne basu isa ba sai na sayi manyan fitilu, ko ni ne ban iya ba? Ku faɗa min gaskiya ba zan ji haushi ba.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Wa alaikumussalam ɗan uwa. Tunda ka ce a faɗa maka gaskiya, ba kayan bane, kuma kar ka sayi komai tukuna. Kowa da ka gani yana ɗaukar kwalba ya taɓa ganin kansa a murfi, ni har da rigar da na sa ranar na tura wa mai aiki ban lura ba, sai shi ne ya kira ni yana dariya.

Matsalarka ita ce kana haska kwalba kamar yadda kake haska fuska. Fata tana karɓar haske ta watsa shi ko'ina, shi yasa duk inda ka aje fitila za ka ga mutum. Gilashi da ƙarfe mai sheƙi ba haka suke ba, madubi ne. Abin da ke gabansu shi suke nuna maka. Fararen ɗigon nan biyu da ka ce kamar idon mage ai hoton fitilunka ne guda biyu, ƙanana ne shi yasa suka fito ƙanana masu zafi, ko ka ƙara musu ƙarfi sau goma girmansu ba zai canza ba sai dai su ƙone wajen. Saboda haka ka daina tunanin ina zan jefa haske, ka koma tunanin me nake so kwalbar nan ta gani. Haske yana tashi daga madubi ne da irin kusurwar da ya faɗo, kamar ƙwallo in ka buga ta a bango a karkace, toh ka tsaya a bayan kyamara ka sa wani ya riƙe farin kwali yana zagaya kwalbar a hankali, za ka ga daidai inda kwalin yake bayyana a jikinta, nan ne gurbin haskenka.

Yanzu ga yadda zaka yi. Kashe fitilar ɗaki, rufe labule, ka ɗauki hoto ɗaya ba tare da filash ba a ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara), f/8 ko f/11 (girman ramin lens), gudun shota 1/200 (lokacin da kyamara ke buɗewa ta karɓi haske, kashi ɗaya cikin 200 na sakan). Ya kamata hoton ya fito baƙi ƙirin. In bai fito baƙi ba toh akwai hasken da yake shigo maka wanda ba kai ka gayyace shi ba. Kuma kar ka wuce 1/200 ɗin nan da filash sai ka duba iyakar kyamararka, yawancinsu 1/200 ne ko 1/250, in ka haura za ka ga baƙin layi ya yanke hoton.

Sai ka samo takardar tiresin babba (mai shara-shara da haske ke ratsawa) ko farin yadi mara kauri, ka rataye shi a gefen kwalbar kusa sosai, kamar taƙi ɗaya ko biyu, tsayinsa ya wuce kwalbar sama da ƙasa. Fitilar ta koma bayan yadin. Yanzu abin da kwalbar take gani ba ƙaramar fitila bace, farin bango ne dogo, sai ya fito a jikinta a matsayin doguwar tsiri mai laushi tun daga wuya har gindi, irin wadda kake gani a tallan mujallu. Wani abu mai daɗi kuma, in ka matso da fitilar kusa da yadin ka ɗan karkata ta, tsirin zai yi haske a gefe ɗaya ya riƙa dusashewa a hankali zuwa ɗayan, in ka ja ta baya ya zama fari bai ɗaya. Ni na fi son mai dusashewar, shi ke nuna cewa kwalbar zagaye take. Lemar nan taka ka aje ta gefe a wannan aikin, ƙarafunan cikinta duk sai sun fito a gilashi kamar gizo-gizo.

Maganar gefen kwalba da ya ɓace, hanya biyu ce masu harkar gilashi suka sani tun zamanin fim. Ko dai bango ya zama fari mai haske gefen kwalbar ya zama baƙi, ko bango ya zama baƙi gefen ya zama farin zare. Tunda farin bango kake so, haska bangon shi kansa ba kwalbar ba, hasken ya ratso ta cikin ruwan turaren ya zo kyamara, sannan ka tsayar da baƙin kwali dama da hagu daidai inda firem ɗinka ya ƙare, wato iyakar abin da kyamara ke gani. Gefen gilashin zai ɗauko baƙin nan ya zana maka siffar kwalbar kamar an bi da biro. In farin bangon ya yi faɗi da yawa ya wuce firem, layin sai ya sirance ya ɓace, abin da ya same ka kenan.

Murfin ƙarfen shi ne ɗan rigima don yana ganin ɗakin gaba ɗaya. Yanka rami a tsakiyar farin kwali daidai girman lens, ka leƙo ta ciki, kai kuma ka sa baƙaƙen kaya ka ja baya ka danna da saitin jinkirin kyamara ko da waya. Amma kar ka kewaye shi da fari duka, zinare in babu ɗan baƙi a jikinsa sai ya koma kamar roba mai fenti, bar masa siririn layi ɗaya mai duhu. Sannan ka goge kwalbar ka riƙe ta da safar hannu, shatin yatsa ɗaya zai ci maka awa guda a editin.

Mai_Bidiyo ya rubuta:

Malam Tsohon_Hannu ya gama da kwalba, bari in taɓa bidiyon don nan ne gonata.

Layukan da ke yawo ba laifin kyamara bane. Wutar lantarki ba a tsaye take ba, tana kai da komo ne, a Turai da yawancin Afirka sau 50 a sakan, a Amurka sau 60, fitilar da ke kanta kuma tana ƙyaftawa ninki biyun hakan wato sau 100 ko 120, ido baya gani amma kyamara tana gani, domin yawancin kyamarorin yanzu layi-layi suke karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, wani layin ya dace da haske wani ya dace da duhu. In wutarka mai 50 ce ka ɗauka a firem 25, wato hoto 25 a sakan, da shota 1/50 ko 1/100, in mai 60 ce firem 30 da 1/60 ko 1/120. Ina da tabbacin kana kan firem 30 ko 60 ne don haka kyamarori da yawa suke zuwa daga kamfani, ko kuma ka bar shota a 1/200 ɗin hoto. Dama ƙa'idar da aka saba a bidiyo ita ce shota ta zama ninki biyun firem, 25 da 1/50, shi ke sa motsi ya yi kama da yadda ido ya saba.

In ka gyara wannan layukan basu tafi ba toh LED ɗinka ne. Wasu masu araha in ka rage musu ƙarfi ba rage wutar suke ba, kunnawa da kashewa suke da sauri sosai, shi yasa a ɗari bisa ɗari suke lafiya amma kana saukowa 20 ko 30 sai layi ya fito. Maganinsa ka bar su a cike, ka rage hasken da nisa ko ka ƙara yadi a gabansu.

Fuska rabi ja rabi shuɗi kuwa haske biyu ka haɗa masu launi daban. Ana auna launin haske da Kelbin, hasken rana wajen 5600 ne, tsohon ƙwan fitila mai zare wajen 2700 zuwa 3200, kyandir ma ƙasa da 2000. Ɗaya kawai daga ciki kyamara zata iya ɗauka a matsayin fari, in ta bi taga ƙwan ɗaki ya koma ja, in ta bi ƙwan taga ta koma shuɗi, kuma wannan babu editin da zai gyara shi da sauƙi tunda a fuska ɗaya suke. Zaɓi ɗaya ka kashe ɗayan, ko ka manna jel ruwan lemo da ake kira CTO a fitilar mai launin rana ta sauko wajen 3200. Kuma ka cire wayit balans, wato saitin da ke faɗa wa kyamara wane haske ne fari, daga otomatik, in ba haka ba yarinyar tana ɗaga kwalba launi zai canza a tsakiyar ɗauka. Sa lambar da hannunka ko ka auna da katin toka mai kashi 18. Duba bayan fitilar ko kwalinta ma ka ga CRI ɗinta, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna launi na gaskiya, ma'aunin yana ƙarewa ne a 100, don aikin talla ana son 95 ko sama, mai ƙasa sosai ita ke sa fata ta yi kore-kore kamar mara lafiya.

Tsarin fitilu kuma kowa zai ce maka uku ne, babba a gefe kamar digiri 45 ta ɗan fi kai tsayi, mai cike inuwa a ɗaya gefen, sai ta baya da ke raba mutum da bango. Kai biyu gare ka kuma sun isa, babbar a bayan yadi, farin kwali ya maye gurbin mai cike inuwa, ta biyun ka kai ta baya. Ta bayan nan kar ka yi wasa da ita a tallan turare, feshi baya fitowa in ka haska shi ta gaba, sai haske ya zo ta bayansa ko ta gefen baya kuma bangon yana da duhu, a nan zaka ga ƙwayoyin suna tashi kamar hayaƙi. In zaka ɗauki feshin da saurin firem don ka rage gudunsa daga baya, misali firem 100, ka sani shota zata tashi kuma hasken da kake buƙata zai ninka, ka gwada kafin ranar aiki.

Yar_Sutudiyo ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni maganar goshin ce ta tsaya min, don na ga masu hoto da yawa in suka ga fata mai duhu sai su ƙara wuta kawai, ƙarshe goshi da karan hanci su ƙone sauran fuskar kuma ta yi toka-toka. Fata mai duhu tana da ɗan hali irin na kwalbar da Malam ya yi bayani, sheƙinta shi ke fito da siffarta, saboda haka ba kashe sheƙin ake so ba, faɗaɗa shi ake so ya kwanta a kunci da goshi da laushi. Ƙaramar fitila tana ba da ƙaramin tabo mai zafi, babban yadi ko sofbos (akwatin fitila mai farin yadi a gaba) kusa da fuska yana ba da sheƙi mai faɗi mai kyau. Laushin haske ai daga girman abin da ke haskawa yake idan aka kwatanta da wanda ake haskawa, rana ma da girmanta don ta yi nisa inuwarta kaifi gare ta, ranar da gajimare ya rufe ta sai inuwa ta yi laushi. A shafa mata hoda kaɗan a goshi da hanci, kaɗan fa, kar a busar da fuskar.

Sai lissafin nisa, wanda in ka riƙe shi rabin wahalarka ta ƙare. In ka ninka nisan fitila sau biyu hasken ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Kaga in fitila tana mita 1 daga yarinyar, bango kuma yana mita 2 daga fitilar, bangon rubu'in haskenta zai samu, sai ya yi duhu da kansa ba sai ka sayi baƙin yadi ba, dama duhun ake so don feshin ya fito. In ka mayar da fitilar mita 3 bango ya zama mita 4, bangon zai samu fiye da rabi. Sai dai kusantowar tana da nata sharrin, in ta ɗan matso gaba da taƙi ɗaya haske ya ƙaru sosai, in ta ja baya ya faɗi, don haka ka manna mata alama a ƙasa ta san inda zata tsaya.

Kuma ba dole bane ka cike duk inuwa. Wani lokacin ma baƙin kwali nake sawa a gefen inuwar don ya shanye hasken da farin bangon ɗaki ke dawowa da shi. In ka ɗaga babbar fitilar ta koma gefe har ka ga ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin idon da ke ɓangaren inuwa, shi ake kira hasken Rembrandt, sunan mai zanen nan ne na ƙasar Holan da ya rasu a 1669, yana yi wa turaren maza kyau sosai. Na mata dai masu kaya sun fi son fitila ta zo daga sama ta gaba da farin kwali a ƙarƙashin haɓa, fuska ta fito fes.

Kyamara_Biyu ya rubuta:

Duk wannan dogon bayani, ni dai a ganina ya sayi folaraiza, gilashin nan mai rage ƙyalli, ya ɗaura a lens ya juya, ƙyallin ya ɓace shikenan. Kuma gaskiya aikin talla da yadi da kwali a gaban kwastoma akwai zubar da girma, gara ya nemi sofbos dogo siriri guda biyu ko na kamfanin Godox ne ya huta.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Ɗan uwa folaraiza tana da ranarta, tana rage ƙyalli a gilashi da ruwa da roba in kusurwar ta dace, amma a zallar ƙarfe irin murfin nan kusan ba abin da take yi, ga cin haske wajen sitof ɗaya zuwa biyu, wato hasken ya koma rabi ko rubu'i. Sannan in ka kashe ƙyallin duka me ya rage? Kwalba ba ƙyalli ai ta zama zane a takarda. Maganar sofbos siriri na yarda da kai yana sauƙaƙa aiki kuma in ya samu hali ya saya, amma ni da nake da su har yau sai na sa takardar tiresin a gabansu in ina son dusashewar nan, don sofbos shi kaɗai gefensa a yanke yake fitowa. Kwastoma kuma hoto zai ɗora a allon talla, ba kwalin ba.

Sabon_Shiga ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, wallahi jiya ban yi barci ba sai da na gwada. Hoton gwajin farko da Malam ya ce ya fito baƙi bai fito baƙi ba, ashe hasken da ke shigowa ta saman labule ne yake zana min wani layi a kafaɗar kwalbar duk kwana ukun nan. Na toshe shi, na rataye yadi, na sa baƙin kwali biyu, sai ga kwalba ta tashi tsaye da gefenta kamar ba ni na ɗauka ba. Bidiyon ma oga Mai_Bidiyo ka canka, firem 60 nake kai, na dawo 25 da 1/50 layin ya tafi, sai in na rage fitila ɗaya ƙasa da rabi ne yake ɗan dawowa don haka na bar ta a cike na ja ta baya. Yaya Yar_Sutudiyo ban samu gwada na fuskar ba sai gobe in yarinyar ta zo.

Saura abu biyu. Tunda hasken daga baya yake zuwa yanzu, rubutun sunan turaren da ke gaban kwalbar ya yi duhu ba a karanta shi sosai, kuma akwai kwalba ɗaya mai ruwa ja mai kauri wadda hasken ya ƙi ratsawa, kamar baƙa take fitowa.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Madalla, haka ake so. Rubutun in na zinare ne ko azurfa toh shi ma madubi ne, riƙe ƙaramin farin kati a gaba kusa da lens ka riƙa karkata shi sama da ƙasa kana kallon allon kyamara, akwai wani gurbi da rubutun zai kama wuta lokaci ɗaya, nan zaka kafe katin. In katin ya ɓata maka jikin gilashin kar ka wahalar da kanka, tunda kyamara tana kan ƙafarta ba motsi, ɗauki hoto ɗaya don jiki, ɗaya don rubutu, ɗaya don murfi, ka haɗa su a Photoshop, yawancin tallan kwalba da kake gani haka ake yin su. Kar dai ka taɓa fokas ko kwalbar a tsakani.

Ita kuma mai jan ruwan, yanko farin kati ko takarda mai ƙyallin azurfa daidai siffar kwalbar amma ya ɗan fi ta ƙanƙanta yadda ba zai leƙo ta gefe ba, ka tsayar da shi a bayanta kamar yatsa uku ko huɗu, a ɗan karkace yana fuskantar fitilar gefe. Zai kamo hasken ya turo shi ta cikin ruwan zuwa lens, sai jan ya kunnu daga ciki. Azurfa ta fi ƙarfi amma tana nuna duk wata lanƙwasa da ke jikinta, saboda haka fara da farin, in bai isa ba ka koma azurfar. Ka ɗora mana hoton mu gani in ka gama.